Daga Aji zuwa Ɗakin Haihuwa: Jinin Mace, Ingancin Magani da Tsaftar Makaranta a Ƙasar Gumel

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abubuwa uku da aka saba tattaunawa daban-daban, wato magani, rainon ciki da tsaftar makaranta, ta nuna cewa a ƙasar Gumel abu ɗaya ne ya haɗa su: jinin mace. Ta waiwayi binciken da aka yi a Jigawa da Kano da Zariya da wasu ƙasashe, ta kafa hujja da cewa maganin zubar jini bayan haihuwa sananne ne kuma mai araha ne, amma zafin rana yana lalata shi kafin ya kai ga mai naƙuda, ita kuma mai naƙudar tana isowa da jinin da ya riga ya yi ƙasa tun tana ɗaliba.

Gabatarwa



A shekarar 2017 Vandana Sharma da abokan aikinta suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a ƙananan hukumomi 24 na Jihar Jigawa. Hanyar da suka bi mai sauƙi ce: a tambayi mace ’yan’uwanta mata nawa ne, nawa suka rasu, nawa ne daga ciki suka rasu da ciki, ko a wurin haihuwa, ko cikin jego. Lissafin ya ba da mata 1,012 da ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000. Binciken ƙasa na 2018 ya ba Nijeriya baki ɗaya 512. Ko da an yi la’akari da bambancin hanyoyin lissafi, namu ya kusa ninka na ƙasa. Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suna cikin wannan jiha, kuma babu wani daga cikinmu da bai taɓa zuwa gaisuwar mai jego da ta tafi ta bar jariri ba.

Mutuwa da wa’adi na Allah ne. Amma Allah ɗin ne ya hore mana sani, kuma a duniya baki ɗaya zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe masu haihuwa, alhali yana cikin waɗanda aka fi sanin maganinsu. A kansa zan tsaya.

Abin da bincike ya riga ya warware

Ba a bar mu cikin duhu ba, kuma wani abin alfahari shi ne wasu daga cikin hujjojin a ƙasar Hausa aka tattara su. A 2006 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi wa ƙwayar misofurostol rajista don tsayar da jinin haihuwa. Bayan haka masu bincike na Jami’ar Ahmadu Bello, tare da takwarorinsu na Jami’ar Kalifoniya da ke Bakli, suka gwada raba ta a ƙauyuka biyar na kewayen Zariya, suka nuna cewa matan da ke haihuwa a gida da ungozomomi za su iya amfani da ita daidai idan an koya musu. A Kano, daga 2008, Jamilu Tukur da abokansa suka shigar da allurar magnesiyam salfet asibitoci goma don masu jijjiga. Mutuwar masu jijjiga ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. A 2017 mujallar Lancet ta fitar da gwajin WOMAN, wanda ya haɗa mata fiye da 20,000 a ƙasashe 21 har da Nijeriya, ya nuna cewa allurar tiraneksamik asid tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an yi ta cikin awa uku da haihuwa. Bayan awa ukun amfaninta ya wuce.

Na baya-bayan nan, kuma wanda ya fi dacewa da halinmu, shi ne gwajin E-MOTIVE na 2023, a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami’ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Abin da aka gwada ba na’ura ba ce. Leda ce da ake shimfiɗa wa mace bayan jariri ya fito, ƙasanta da aljihu mai tsini, jikin aljihun da layukan awo. Jinin da a da yake bin zani da katifa da ƙasa, ma’aikaciya tana ƙiyasta shi da ido, yanzu yana taruwa a wuri guda ana karanta shi. Da ya kai layin haɗari, ba a jira: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin, a yi tiraneksamik, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a lokaci ɗaya maimakon a gwada wannan a jira a gwada wancan. A asibitocin da suka ci gaba da tsohon tsari, rabin masu zubar jini kawai ake ganowa. A masu ledar, fiye da tara cikin goma. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin ɗari.

To, idan haka ne, me ya rage? Abu biyu nake gani.

Allurar da rana ta riga ta kashe

Oksitosin ita ce allura ta farko da ake yi wa mace da zarar ta haihu, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Sharaɗinta shi ne a ajiye ta a sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga masana’anta har hannun ma’aikaciya. A watan Afrilu da Mayu zafin Gumel da Maigatari yana haura digiri 40 a inuwa. Ku ɗauki ’yar kwalbar nan, wadda ba ta kai ɗan yatsa ba: ta fito daga kasuwar magani a Kano cikin kwali, ta kwana a bayan mota, ta iso wani kemis mai rufin kwano, aka jefa ta cikin durowa tare da sirinji da auduga. Ruwan cikinta garau yake, rubutun jikinta bai goge ba, ranar lalacewarta da saura. Babu abin da ido zai gani. Sai daren da miji ya zo a guje da takardar da aka rubuta masa, ya saya, ya koma, aka yi allurar, jini bai tsaya ba.

Wannan ba zato ba ne. A 2018 Anyakora da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da aka yi tare da hukumar NAFDAC kan magungunan haihuwa da aka sayo daga shiyyoyin Nijeriya shida. Kashi 74 cikin ɗari na oksitosin bai ci jarrabawar inganci ba. Na misofurostol kashi 33 da ɗoriya ne ya faɗi, domin ita kuma danshi ne abokin gabarta, kuma idan ba a cikin fakitin gwangwani ciki da baya take ba, tana lalacewa. Magnesiyam salfet, wadda ba ta damu da zafi ba, ƙasa da kashi 7 ne ya faɗi. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa. Ma’aikatan lafiya sun san al’adar da ta biyo baya: a fasa kwalba biyu ko uku a wurin da littafi ya ce ɗaya, saboda hannu ya riga ya koyi cewa ɗaya ba ta aiki. Ba laifinsu ba ne. Shaida ce a kan maganin.

Mafita biyu ce, kuma duka suna kusa. Ta farko, kusan kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa da ke yin rigakafin yara tana da firji, da yawa masu aiki da hasken rana. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa tun 2015 cewa ana iya ajiye oksitosin a firjin rigakafi, muddin an ware ta an yi mata alama. Amma har yanzu za ka tarar mabuɗin firjin yana hannun jami’in rigakafi, shi kuwa ya tashi aiki tun la’asar, naƙuda kuma ba ta san lokacin tashi ba. Wannan matsala ce ta umarni, ba ta kuɗi ba. Ta biyu, akwai kabetosin mai jure zafi, wadda gwajin CHAMPION na 2018, kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma har da Nijeriya, ya nuna tana hana zubar jini kamar oksitosin, kuma tana shekaru a digiri 30 ba ta lalace ba. A ganina, idan za a raba ta a Jigawa, ƙananan hukumomin kan iyaka irin namu, masu zafi da nisa, su ya kamata a fara da su.

A nan zan ɗan ratse. Allurar nan da ke ceton rai bayan haihuwa, ita ce kuma ke fasa mahaifa idan aka yi ta kafin jariri ya fito ba bisa ƙa’ida ba. Ana kiranta allurar naƙuda, ana zuwa har gida a yi wa mace don a hanzarta. Haka misofurostol. Duk wanda ke wayar da kai a kan waɗannan magunguna, wajibi ne ya riƙa faɗin lokacinsu da babbar murya: bayan jariri ya fito, kuma an tabbatar babu na biyu a ciki.

Jinin da ta zo da shi

Abu na biyu ya fi na farko zurfi. Mata biyu za su zubar da jini daidai wa daida, ɗaya ta tashi ta sha kunu, ɗaya a kai ta makwanci. Bambancin yana cikin abin da kowacce ta zo da shi. Binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 61 cikin ɗari na masu juna biyu a Nijeriya da ƙarancin jini. A 2023 masu gwajin WOMAN-2 suka bibiyi mata fiye da 10,000 masu ƙarancin jini a Nijeriya da Pakistan da Tanzaniya da Zambiya, suka gano cewa ƙarancin jinin da kansa yana ƙara yawan zubar jini, kuma mai tsananin ƙarancin jini ta ninka mai matsakaici sau bakwai wajen haɗarin mutuwa ko kusantarta. Wato wadda ba ta da shi ita ce ta fi zubar da shi.

Maganin da ake bayarwa a wurin awo sananne ne: ƙwayar ƙarin jini kullum, da Fansida ta kariya daga zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku, a haɗiye a gaban ma’aikaciya, da gidan sauro. Binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna kashi 31 cikin ɗari kawai na masu ciki ne suka sami Fansida sau uku. A ƙasarmu akwai dalilan da takardun Abuja ba sa faɗa. Mai cikin fari tana jin kunya, ba ta son a sani sai ciki ya fito, don haka ba ta fara awo sai wata na shida ko na bakwai. Wata tana barin ƙwayar ƙarin jini saboda tashin zuciya da baƙin bayan gida, ba a gaya mata cewa hakan ba illa ba ne. Wata an ce mata ƙwayar tana ƙara wa ɗa girma, haihuwa ta yi wuya. Wata tana kora ta da shayi, shayi kuwa yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe. Akwai ma wani kuskure da ke faruwa a hannunmu mu ma’aikata: ’yar ƙwayar folik asid mai miligiram 5, wadda ta cika kemis-kemis, tana rage ƙarfin Fansida, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa mai ciki shi ne miligiram 0.4.

Ga kuma abin da mai ciki ke sha ba da sanin kowa ba. Mai kemis shi ne likitan farko a yawancin ƙauyukanmu, kuma ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, inda fatake ke haɗuwa daga Nijeriya da Nijar, magani yana yawo a faranti da bayan babur kamar goro. Mai ciwon baya za a haɗa mata gauraye, a ciki da diklofenak ko ibufurofen, waɗanda ke cutar da ƙodar ɗan tayi da zuciyarsa a watannin ƙarshe. Tetirasaikilin tana ɓata haƙoran yaro. Wasu magungunan hawan jini da na farfaɗiya suna nakasa halitta. Tiramadol da kodin ma ba su bar mata ba, duk da cewa gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin a watan Mayun 2018: binciken ƙasa kan shaye-shaye da aka fitar a 2019 ya nuna ɗaya cikin kowane masu shaye-shaye huɗu mace ce, jaririn mai shan su kuwa yana fitowa da kuka da karkarwa saboda jikinsa ya saba. Ban ga amfanin yaƙi da masu kemis ba, domin ba za su gushe ba, kuma suna toshe wata kafa. A koya musu tambaya guda kafin su miƙa wa mace magani, wato ko tana da ciki, a kuma manna musu sunayen waɗanda aka hana mai ciki, da Hausa da ajami.

Inda jinin ya fara raguwa

Watanni uku na awo ba za su cike giɓin shekara biyar ba. A shiyyar Arewa maso Yamma, binciken 2018 ya nuna kusan kashi 29 cikin ɗari na ’yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. Ma’ana, yarinyar da ke aji biyu na ƙaramar sakandare a Gagarawa yau, cikin shekara uku ko huɗu tana iya kasancewa a ɗakin haihuwa. A shekarun nan ne jikinta ke girma da sauri, al’ada ta fara, zazzaɓin damina yana cin jininta, gudawa da tsutsar ciki suna kwashe ɗan abin da ta ci. Makaranta, ta boko ko Islamiyya, ita ce wuri na ƙarshe da hukuma za ta same ta a zaune tare da ’yan’uwanta kafin a kai ta ɗaki.

Me ta tarar a makarantar? Binciken ruwa da tsafta na ƙasa na 2021 ya ce kashi 11 cikin ɗari ne kawai na makarantun Nijeriya ke da ruwa da banɗaki da wurin wanke hannu a haɗe. Jigawa tana da abin tinƙaho a nan: a watan Oktoban 2022 ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili, a dukkan ƙananan hukumominta 27. Nasara ce ta gaske, kuma masu unguwanni da dagatai sun yi rawar gani. Sai dai gina masai daban, riƙe shi daban. Ku shiga bayan azuzuwa a makarantu da dama: gini mai ƙofa huɗu, biyu iska ta cire ƙyaurensu, ɗaya an sa masa kwaɗo don malamai, tuƙa-tuƙar da ke gefe ta lalace tun bara saboda ’yar robar da ba ta kai kuɗin buhun siminti ba. Yaro namiji zai zaga bayan katanga. Yarinya ba za ta iya ba. Sai ta ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama ta, idan kuma al’ada ta zo ta zauna a gida har ta yi wanka. Daga fashi sai ja da baya a karatu, daga nan sai a ce ai gara a yi mata aure.

Muna da jari da wasu ƙasashe ba su da shi. Yaranmu sun tashi da buta a hannu, sun koyi tsarki da alwala kafin su iya rubuta sunansu. Abin da ya rage shi ne sabulu, da ruwan da za a zuba a butar. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Cunkoso ma batun tsafta ne, kuma mun ɗanɗana. Daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023 an samu mutum 1,686 da ake zargin sanƙarau ya kama a Nijeriya. Kashi 74 cikin ɗari a Jigawa suke, kuma Maigatari da Sule Tankarkar, masu maƙwabtaka da yankin Damagaram inda cutar ta riga ta ɓulla, su suka ɗauki kaso mafi tsoka, akasari yara. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin Men5CV, Jigawa tana sahun gaba. Rigakafi ta zo, amma ɗakin kwanan ɗalibai da zauren almajirai marasa taga suna nan yadda suke.

Idan muka dawo kan jini, tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba ’yan matan da suka fara al’ada ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako a duk inda ƙarancin jini ya kai kashi 20 cikin ɗari. Mun wuce wannan mizani nesa ba kusa ba. Indiya ta mai da shi shirin ƙasa a makarantunta, Gana ta bi sahu a 2017. Malama guda da rajista da tulun ruwa sun isa a yi shi ranar Litinin bayan taron safe. Kuma ƙasar da ke fitar da riɗi da zoɓo zuwa ƙetare, take noma wake, take da zogale da rama a bayan gida, bai kamata ’ya’yanta mata su rasa abin gina jini ba.

Abin da nake roƙo

Ga masu bincike, musamman na Kwalejin Ilimi ta Gumel da makarantun koyon aikin lafiya na jiha: alƙaluman kwarin Haɗeja mai fadama da tsargiya ba lallai su dace da tudun Gumel mai rairayi ba, don haka mu auna namu. Aiki biyu nake ba da shawara, kuma ba su fi ƙarfinmu ba. A auna jinin ’yan matan ƙananan sakandare da Islamiyyu a ƙananan hukumomin nan huɗu, sau ɗaya a ƙarshen rani, sau ɗaya bayan damina, a haɗa da duba ko makarantar tana da ruwa da banɗaki mai ƙofa a ranar da aka je. Sannan a sayo oksitosin daga asibitoci da kemis-kemis na Gumel da Maigatari a watan Afrilu, a kai wa NAFDAC ta gwada, a karanta sakamakon a gaban shugabannin ƙananan hukumomi. Duk wannan a yi shi da izinin iyaye da sanin masarauta, a kuma koma a gaya wa mutane abin da aka gano, domin abin da ya faru a gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 bai bar zukatan jama’a ba.

Ga Hukumar Lafiya Matakin Farko ta jiha, takarda ɗaya muke nema, mai sa hannu, da za ta ba oksitosin gurbi a firjin rigakafi, ta kuma ba mai karɓar haihuwa ta dare mabuɗi. Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kwamitocin makarantu, kafin a buɗe sabon aji a bana, a mayar da ƙyauren banɗakin ’yan mata, a gyara famfon da ke gefensa. Iyayenmu hakimai da dagatai, ku da kuka tsaya har aka raba gidajen Jigawa da bahaya a fili, muna roƙon ku leƙa bayan azuzuwan makarantun da ke ƙasarku kafin damina ta sauka.